Kafin Mu Gina Rumbu, Mu Ƙirga Dami: Lissafin Mayar da Imel Ɗinmu Kan Sabar ta Kanmu

  Wannan makon mun ajiye maganar jigo da zubi da tsari. Maganar kuɗi ce da lissafi, kuma ta shafi duk mai riƙe da alƙalami a cikinmu.

Akwai shawarar da ta daɗe tana yawo a tarukan marubutan yankinmu na Rano da Kibiya. An ce a haɗa kuɗi a sayi sabar matsakaiciya, a girke ta a ofis a Madachi, a kwashe imel ɗin ƙungiya daga Gmail a mayar kanta, har da na ɗan kamfanin ɗab'in da ake fatan kafawa. Sabar dai kwamfuta ce da ba ta barci, wadda wasu ke kira uwar garke. Aikinta karɓar saƙo da ajiye shi da miƙa shi ga mai shi, dare da rana. Ana ce mata matsakaiciya ne domin ta fi kwamfutar tebur ƙarfi, amma ba ta kai manyan na'urorin bankuna ba. Shahararriya a wannan aji ita ce AS/400 da kamfanin IBM ya fitar a 1988, wadda kamfanoni da yawa suka ɗora wa imel ɗin ma'aikatansu a ƙarshen shekarun 1990.

Ra'ayinmu a taƙaice shi ne kada a saya. Abin da ya kamata mu mallaka shi ne sunan adireshinmu da kwafin ajiyarmu. Akwatin saƙon kuwa a yi hayarsa. Ga dalilanmu, kowa ya ɗauko biro ya bi lissafin da kansa.

Tsoron masu shawarar gaskiya ne

Ba mu raina masu wannan shawara ba, domin sun ga abin da ya tsorata su. A farkon shekarun 2000 Farfesa Abdalla Uba Adamu ya buɗe zauruka a Yahoo Groups, inda marubuta da masana suka shafe shekaru suna muhawara kan littattafai da finafinan Hausa. A ƙarshen 2019 Yahoo ta sanar da share abubuwan da aka tara a dandalin, a Disamban 2020 kuma ta rufe shi ɗungurungum. Abin da wani bai kwafa ya adana ba ya tafi. OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama suka riƙa sayar da littattafansu, ta rufe a ƙarshen Nuwamban 2023. Daga Disamban 2023 Google ta ba kanta damar share duk asusun da ya shekara 2 ba a taɓa shi ba. Don haka idan wani ya tashi a taro ya ce zanen aro ba ya rufe katara, ba ƙarya ya yi ba.

Imel kuma ba abin wasa ba ne ga marubuci. Ta intanet ake shiga gasa irin Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016. Ta imel ake magana da edita da maɗaba'a da mai zanen bango. Ranar da aka yi maka satar fasaha, saƙon da ka tura wa edita da kwanan watansa na iya zama hujjarka, domin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya buɗe ƙofar karɓar bayanan kwamfuta a kotu idan an cika sharuɗɗa. Akwatin imel ɗin ƙungiya tarihinta ne. Tambayar kawai ita ce: sayen ƙarfe a ajiye a ɗaki shi ne maganin wannan tsoron?

Lissafi na farko: dami nawa muke da shi?

Manomin Madachi ba ya gina rumbu sai ya san abin da gonarsa ke bayarwa. Mu ma mu auna namu.

Littafi mai kalmomi 60,000, idan rubutu ne zalla, bai kai rabin MB ba. A fayil ɗin Word ma da wuya ya wuce MB 1 matuƙar babu hotuna a ciki. Kenan littattafai 1,000 ba za su cika GB 1 ba sai da ƙyar. Duk abin da marubutan Rano da Kibiya za su rubuta nan da shekara 10 zai shiga memorin waya ɗaya, har da sauran fili.

Abin da ke cinye wuri daban ne. Awa ɗaya ta littafin sauraro a MP3 mai matsakaicin inganci tana cin kusan MB 58. Hoton bango mai kyau na iya cin MB 5. Sannan imel na ƙara wa duk fayil ɗin da aka maƙala masa kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa. Idan sakatare ya tura hoton MB 5 ga membobi 40, kowa ya samu nasa kwafin, an cinye sama da MB 260 a kan hoto ɗaya. Wato yawancin nauyin akwatinmu ba hikima ba ce, maimaici ne. Maganinsa a ajiye fayil wuri ɗaya a tura wa mutane mahaɗinsa, ba a sayi babbar na'ura ba.

Sai tambaya ta biyu: akwati nawa muke buƙata? A nan ake yawan kuskure, ana ƙirga membobi maimakon a ƙirga muƙamai. Memba na da nasa imel, babu mai raba shi da shi. Abin da ƙungiya ke buƙata shi ne adireshin da ba ya bin mutum idan ya sauka daga kujera: na shugaba, na sakatare, na ma'aji, na edita, da na karɓar labaran gasa. Akwati 5 kenan. Ko an ba kowanne GB 10, an tashi da GB 50. A ninka saboda gaba, GB 100. Sabar matsakaiciya an ƙera ta ne don ɗaruruwa ko dubban ma'aikata da ke buɗe saƙo lokaci guda da ƙarfe 8 na safe. Sayenta don akwati 5 kamar ɗauko tirela ne don kai buhu biyu kasuwar Rano.

Lissafi na biyu: kuɗin saye shi ne ƙarami

Idan aka kawo farashin na'ura a taro, sai kowa ya ɗauka an gama. Alhali saye sau ɗaya ake yi, ciyarwa kuwa kullum ce.

Mu fara da wuta. Mu ɗauka, don misali, na'urar da 'yan kayanta suna jan wat 300. A awa 24 an sha yunit 7.2, a wata yunit 216. A Afrilun 2024 hukumar NERC ta kai kuɗin yunit ɗaya na masu rukunin Band A, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, zuwa naira 225. Da wannan farashi wutar na'urar kaɗai naira 48,600 ce a wata, wato naira 2,916,000 a shekara 5. Wannan ga wanda wutar ke zuwa masa kenan. Mu da ke Madachi kowa ya san awa nawa yake ganinta a gidansu. A Oktoban 2024 ma Kano da mafi yawan jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan dakon wuta. Wayar hannu na jira a kai ta caji. Sabar ba ta jira.

Za a ce ai akwai sola. Gaskiya ne, amma a lissafa ta da kyau. Rana na ba da ƙarfi na 'yan awoyi ne, sauran awa 16 ko fiye batir ne zai ɗauka, wato kusan yunit 5 kowane dare, ga ranakun hadari a watan Agusta da ƙurar hunturu da ke rufe farantan. Batir na tsufa, sai an sake. Janareta kuwa, tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, kowa ya san labarinsa.

Sai zafi da ƙura. Ɗakin sabar ana son sa tsakanin digiri 18 zuwa 27 a ma'aunin Salshiyos. A watan Afrilu zafin ƙasar Kano na haura 40. Dole a saka na'urar sanyaya ɗaki, ita kuma ta fi sabar ɗin kanta jan wuta.

Sai intanet. Datar waya ba ta isa. Sabar imel na buƙatar layi tsayayye mai lambar IP da ba ta canzawa, kuma wannan haya ce ta kasuwanci da ake biya duk wata. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100.

Sai kayan gyara, waɗanda da dala ake shigo da su. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma. A 2024 ta haura 1,500. Faifan ajiya ɗaya ya mutu, asusun ƙungiya ya girgiza.

Na ƙarshe, kuma mafi tsada, shi ne mutum. Wa zai tashi ƙarfe 2 na dare idan na'ura ta tsaya? Akwai matasanmu da suka yi difloma a kwamfuta a kwalejin kimiyya da fasaha, kuma za su yi aikin tsakani da Allah. Amma matashi na samun aiki a Kano ko Abuja, yana yin aure, yana ƙaura. Ranar da ya tafi da kalmar sirri a kansa, ƙungiya ta zama mai gida a waje.

Yanzu a kwatanta. A 2024 ƙaramin tsarin Google Workspace na kasuwanci ana biyan kusan dala 6 zuwa 7 ne ga kowane akwati a wata, da wurin ajiya GB 30. A canjin 1,500, naira 9,000 zuwa 10,500 kenan. A raba waccan naira 48,600 ta wuta gida 5, kowane akwati ya tashi a naira 9,720. Ma'ana, kuɗin wutar sabar ɗinmu kaɗai ya kai kuɗin hayar babban kamfani na duniya, tun ba a sa kuɗin saye da sanyaya ɗaki da intanet da ladan mai kula ba. Ga kuma kamfanonin gida da ke ba da hayar imel ana biya da naira. Kowace ƙungiya ta nemo farashin yau daga wurare uku ta sake lissafin, ƙa'idar dai ɗaya ce: a haɗa duk abin da za a kashe a shekara 5, a raba da yawan akwatuna, a sake rabawa da wata 60.

Lissafi na uku: saƙon zai isa kuwa?

Ko da wani attajiri ya ɗauki nauyin komai, da sauran rina a kaba. Imel ba ya aiki sai ɗaya ɓangaren ya yarda ya karɓa. Daga Fabrairun 2024 Google da Yahoo sun tsaurara sharuɗɗa ga masu turo musu saƙo. Dole sabar ta tabbatar da cewa ita ce ke da izinin aika saƙo da sunan adireshin, ta hanyar tsare-tsaren da ake kira SPF ko DKIM, masu tura saƙo da yawa kuma su haɗa duka biyun su ƙara da DMARC. Sabuwar sabar da ba a san ta ba, daga lambar da ba ta da tarihi, sau da yawa saƙonta kwandon tarkace yake faɗawa. Ka yi tunanin marubuciyar da ta kwana uku tana tace labarinta, ta tura ana saura awa biyu a rufe gasa, saƙon bai isa ba, ita kuma ba ta sani ba.

Haka ma saƙon da ke shigowa. Idan sabar ta mutu, masu turowa na ta sake gwadawa na 'yan kwanaki, yawanci 4 zuwa 5, daga nan saƙon ya koma ga mai shi. Duhun Oktoban 2024 ya fi wannan tsawo.

Sai tsaro. A Maris na 2021 masu kutse sun samu kafa a manhajar Microsoft Exchange, suka shiga sabar ɗin dubban kamfanoni da hukumomi da ke riƙe da imel ɗinsu a gida. Waɗannan masu ma'aikatan kwamfuta ne na albashi. Mu kuma idan muka shirya gasa, muna tara sunaye da lambobin waya da hotunan mutane, yawancinsu mata da 'yan mata. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya da aka sanya wa hannu a Yunin 2023 ta ɗora nauyin tsare irin waɗannan bayanai a kan wanda ya tara su. Tun kafin doka ma, amana ce.

Wa sabar ta dace da shi?

Ba mu ce sabar ta kai ba ta da amfani ga kowa ba. Jami'a mai dubban ma'aikata da ɗalibai, da sashen kwamfuta na dindindin, da wutar da ba ta yankewa, lissafinta daban ne, domin kuɗin na rabuwa a kan mutane da yawa. Amma mu dubi Gwamnatin Tarayya. Maimakon kowace ma'aikata ta riƙe nata, an kafa Galaxy Backbone a 2006 don ya haɗa musu ayyukan intanet da ajiyar bayanai wuri ɗaya, kuma a Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da babbar cibiyar bayanansa a nan Kano. Idan ma'aikatu masu kasafin biliyoyi sun ga haɗaka ta fi sauƙi, ƙungiyar da ke tara kuɗin wata-wata da ƙyar ta yi wa kanta adalci.

Haya ma ba aljanna ba ce. A Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cibiyoyin bayanan kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, kuma waɗanda ba su da kwafi a wani wuri sun yi asarar da ba ta dawowa. Darasin wannan gobara da na Yahoo da na OkadaBooks ɗaya ne. Abin da ya cuci mutane ba rashin mallakar na'ura ba ne, rashin kwafi na biyu ne.

Abin da muke ba da shawara

Na ɗaya, a sayi suna. A yi rajistar adireshi mai ƙarewa da .ng, wanda ƙungiyar NiRA ke kula da shi, ta hannun dillalan da ta amince da su. Kuɗin shekara ne kaɗan. Wannan sunan shi ne filinmu. Idan mai ba mu haya ya ƙara kuɗi ko ya rufe, sai mu ɗauki sunanmu mu koma wani, adireshinmu bai canza ba. A yi rajistar da sunan ƙungiya, ba da sunan wanda ya iya kwamfuta ba, kuma a rubuta ranar sabuntawa a littafin ma'aji.

Na biyu, a yi hayar akwatunan muƙamai kaɗai. Idan aiki ya ƙaru a ƙara ɗaya. Daidai ruwa daidai tsaki.

Na uku, kowane abu mai muhimmanci ya zama yana da kwafi 3: ɗaya a intanet, ɗaya a faifan ajiya a ofis, ɗaya a wani gari, misali ɗaya a Madachi ɗaya a Kibiya. Duk ƙarshen wata a sabunta. Duk bayan wata uku a buɗe a gwada, domin kwafin da ba a taɓa buɗewa ba fata ne kawai. Littafin da aka gama kuma a buga shi a takarda a ajiye, takarda ba ta neman caji.

Na huɗu, mabuɗi ya kasance a hannun mutum biyu masu muƙami, a kuma canza kalmar sirri duk lokacin da aka yi sabon zaɓe. A kula da lambar wayar da aka haɗa da asusun. Mun ga yadda aka rufe layuka a 2024 saboda rashin haɗa su da NIN, kuma layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfani na iya sayar wa wani.

Na biyar, ita kanta ƙaurar a tsara ta. A fara da shara, a goge maimaici da tsofaffin hotuna. A sauke kwafin tsohon akwati gaba ɗaya, Google Takeout na yin wannan kyauta. A auna lokaci: GB 20 a layin da ke tura megabit 2 a daƙiƙa zai ci sama da awa 22 ba tsayawa, ga kuɗin data. A bar tsohon akwati a buɗe yana tura saƙo zuwa sabon na aƙalla wata 6. A sanar da banki da maɗaba'a da Ɗakin Karatu na Ƙasa inda ake karɓar lambar ISBN. Kada kuma a yi ƙaura ana dab da rufe gasa ko ƙaddamar da littafi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga kai da kake rubutu kai kaɗai a wayarka, ba ka cikin kowace ƙungiya, lissafin bai bar ka ba. GB 15 ɗin da Google ke bayarwa kyauta raba shi ake tsakanin Gmail da Drive da Photos. Idan hotunan biki suka cika shi, saƙon edita ba zai shigo ba. Ka ware imel ɗaya don rubutu kaɗai, ka riƙa tura wa kanka kowane babi da ka gama, kada ka bar littafinka a WhatsApp kawai.

Abin da ya fi damunmu shi ne inda kuɗin zai fito. Naira miliyan 2.9 ɗin da wuta kaɗai za ta lashe a shekara 5, a asusunmu za a cire ta, asusun da ya kamata ya biya mai tace rubutu, ya buga littafin farko na matashiyar da ba ta da mai ɗaukar nauyinta, ya shirya bitar ƙa'idojin rubutu a makarantun Rano da Kibiya. Ƙungiyar marubuta ana auna ta ne da littattafan da ta fitar. Duk wanda ke da lissafin da ya saɓa wa namu, ya kawo shi da alƙaluma, za mu karɓa hannu biyu.

Allah Ya ƙara wa alƙalumanmu albarka, Ya tsare mana abin da muka rubuta. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.